Muhawara da laccocin ƙarin ilimi a makarantun sakandare na Maradi

Muhawara da laccar ƙarin ilimi taruka ne da ake shirya wa ɗaliban kwaleji da lise, wato ƙaramar sakandare da babba, a wajen awannin darasi, kuma makinsu ba ya shiga sakamakon jarrabawa. A lacca, wani masani ne ake gayyatowa ya yi bayani a kan fanninsa, ɗalibai su saurara, daga baya su yi tambayoyi. A muhawara kuwa ɗaliban ne da kansu suke rabuwa gida biyu a kan magana ɗaya, waɗansu su kare ta, waɗansu su rushe ta, ga alƙalai ga mai riƙe da agogo. A Maradi, kamar sauran garuruwan Nijar, an fi haɗa abubuwan biyu a zama guda, wanda ƴan makaranta suke kira "konferans-deba" da bakin Faransanci: baƙo ya yi jawabi, sannan a buɗe fili kowa ya tofa albarkacin bakinsa.

Kalmomin da ake amfani da su

Muhawara kalma ce da Hausa ta aro daga Larabci, asalin ma'anarta mayar wa juna magana. Lacca kuwa ta shigo ne daga Ingilishi ta hanyar Najeriya, shi ya sa ɗan lise na Maradi zai fi saurin cewa "konferans", ko da yake yana jin "lacca" kullum a gidajen rediyo. Akwai kuma "ekispoze", wato bayanin da ɗalibi ko rukunin ɗalibai suke shiryawa su gabatar a gaban ajinsu bisa umarnin malami. Shi wannan cikin darasi yake, ana ba shi maki, amma a nan ne yawancin yara suke fara tsayawa su yi magana a gaban mutane.

Bahaushe ya bambanta muhawara da musu da gardama. Mai musu ƙaryata magana kawai yake yi. Mai gardama ya riga ya ƙudurta ba zai sauka ba ko da an kawo masa hujja. Muhawara ita ce wadda aka yarda tun farko cewa kowa zai yi shiru har abokin karawarsa ya gama, kuma wani na uku ne zai yanke hukunci. Wannan bambanci yana da nauyi a garin da ake ɗaukar "yaron nan gardama gare shi" a matsayin aibi, domin sau da yawa abin da malamin da ke kula da kulob zai fara yi shi ne gamsar da iyaye cewa ba rashin kunya ake koya wa ɗiyansu ba.

Asali

Al'adar ta iso Maradi ta hanyoyi uku, kuma har yau ana iya gane sawun kowace.

Ta farko, wadda ta fi daɗewa, ita ce ta karatun addini. Malaman Musulunci sun mayar da jayayya fanni mai zaman kansa, suka kira shi ilimin jadali, daga baya ladubban bincike da munazara. Shamsuddin Samarƙandi, wanda ya rayu a ƙarshen ƙarni na 13 zuwa farkon na 14, shi aka fi jingina wa tsara ƙa'idojinsa a rubuce: wanda ya yi da'awa shi ke kawo dalili, mai tambaya kuma yana da damar ya ƙi yarda da wani ginshiƙi na dalilin, ko ya nuna cewa dalilin yana warware kansa, ko ya kawo kishiyarsa. Aya ta 125 ta Suratun Nahli, wadda ta yi umarni a yi jayayya ta hanyar da ta fi kyau, ita ce ake yawan buɗe taro da ita a makarantun Faranko-Arab, masu koyarwa da Faransanci da Larabci. A ƙasar Hausa ma an yi shahararriyar muhawara a rubuce a farkon ƙarni na 19, lokacin da Muhammadu Bello na Sakkwato da Shehu Muhammadul Amin Elkanemi na Borno suka yi ta musayar wasiƙu a kan halaccin jihadi. Batun ba baƙo ba ne ga Maradi, tunda sarautar garin ta samo asali ne daga sarakunan Katsina da wannan jihadi ya fitar daga birninsu. Sunayen biyu daga cikin sarakunan Maradi, Ɗan Kasawa da Ɗan Baskore, su ne lise na fasaha da babban lise na garin suke ɗauke da su.

Ta biyu ita ce ta makarantar Faransa. Faransawa ba su gina muhawarar ƙungiya da ƙungiya a makarantunsu ba kamar yadda Ingilishi suka yi. Abin da suka fi ba ƙarfi shi ne rubutaccen insha'i mai hawa uku, wanda ɗalibai suke haddacewa da "tez, antitez, santez": ka kafa magana, ka kawo abin da ke rushe ta, sannan ka nemo matsayar da ta haɗa su. Gefe guda kuma suna da gasar fasahar magana, inda mutum ɗaya yake tsayawa ya burge alƙalai da iya zance. Duk wanda ya saurari ɗan tarminal na Nijar, wato ɗan ajin ƙarshe na lise, yana jawabi zai ji wannan hawa ukun ko da ba a nema ba. Gasar kacici-kacici ta Génies en herbe, wadda ta faro a talabijin ɗin Kanada a shekarun 1970 kafin ta bazu a ƙasashen Afirka masu amfani da Faransanci, ta wannan ƙofa ta shigo, kuma a makarantu da yawa ita da muhawara rana ɗaya ake yin su.

Ta uku ta Ingilishi ce. Ƙungiyar muhawara ta jami'ar Kambirij an kafa ta a 1815, ta Okasfod a 1823, dukansu suna kwaikwayon zaman majalisar dokokin Ingila. Laccar yara kuwa, mafi shahara a tarihinta ita ce wadda cibiyar kimiyya ta Royal Institution a Landan ta fara a 1825 lokacin hutun Kirsimeti, inda Michael Faraday ya taɓa ɗaukar kyandir guda ɗaya ya yi ta bayanin sinadarai da iska da wuta a kansa har tsawon laccoci shida. Turawan mulki sun kai ƙungiyoyin adabi da muhawara makarantun Arewacin Najeriya, kuma abin bai tsaya a makaranta ba: a dandalin tattaunawa na Bauchi da aka buɗe a 1943, Sa'adu Zungur da Aminu Kano da Abubakar Tafawa Ɓalewa sun yi muhawara a kan mulkin Turawa ta hannun sarakuna. Maradi ta fi kusa da Katsina nesa ba kusa ba a kan Yamai, wadda ke da nisan sama da kilomita 600, don haka salon Najeriya ya tsallako da sauƙi, ta rediyo da ta yaran da suka yi wani ɓangare na karatunsu a Katsina ko Kano. Doguwar gaisuwar nan ta buɗe jawabi, "shugaban taro, alƙalai masu adalci, mai kula da lokaci, abokan karawata, ƴan kallo", daga can take, kuma a kulob-kulob na Ingilishi aka fi jin ta.

Ban da waɗannan, Nijar tana da nata tarihin zama a tattauna. A 1962 aka kafa ƙungiyar kulob-kulob na rediyo, inda mutanen gari suke taruwa su saurari shiri, su yi sharhi, a naɗi muryoyinsu. Ƙungiyar ɗalibai ta USN, wadda ta samo asali tun 1960, ta horar da tsara bayan tsara wajen magana a babban taro. Bayan kisan ɗalibai uku a gadar Kennedy ta Yamai ranar 9 ga Fabrairu 1990, wakilanta sun zauna a babban taron ƙasa da aka yi daga 29 ga Yuli zuwa 3 ga Nuwamba 1991. Babban taron ƴan USN da suke kira "AG" ba muhawarar makaranta ba ce, babu alƙali babu agogo, amma mafi yawan ɗaliban da suka iya riƙe lasifika ba tare da hannu yana rawa ba a can suka koya, suna kiran juna "kamarad". Fadojin matasa da suka cika unguwanni tun shekarun 1990 su ma makaranta ce ta baki, sai dai a fada mai ƙarfin murya da mai sayen sukarin shayi sukan yi nasara.

Inda abin ya zauna a tsarin makaranta

Sakandare a Nijar hawa biyu ce: shekara huɗu ta kwaleji, daga sizyam zuwa turwazyam, wadda ake rufewa da jarrabawar BEPC, sai shekara uku ta lise da ke ƙarewa da jarrabawar bak. A lise na gama-gari ɗalibai sun kasu kashi uku, A na adabi, C na lissafi da fizik, D na kimiyyar halittu. Muhawara ba darasi ba ce a jadawali. Tana rayuwa ne a kulob: na Faransanci, na Ingilishi, na Larabci, na falsafa, na muhalli. Yawanci malami ɗaya ne mai sha'awa yake ɗauke da ita a kafaɗarsa ba tare da ƙarin ko dala ba, kuma ranar da aka yi masa canjin wurin aiki kulob ɗin yakan bi shi.

Shekarar karatu tana farawa a Oktoba ta ƙare wajen Yuni. Watannin sanyi, daga Disamba zuwa Fabrairu, su ne lokacin da taruka suka fi armashi. Da zarar Afrilu ta kama, zafi ya haura digiri 40, ƴan turwazyam da tarminal sun duƙufa kan bita, sai dai a jira makon al'adu na makaranta, inda ake cusa muhawara tsakanin wasan kwaikwayo da ƙwallon ƙafa da rawar gargajiya. Manyan gasanni tsakanin makarantu akan kai su gidan al'adu ko wani zaure na gari, domin makarantu kaɗan ne suke da ɗakin da zai ɗauki ɗalibai ɗari biyu.

Yadda lacca take gudana

Shugabannin kulob ne suke rubuta takardar neman izini zuwa ga shugaban makaranta, su kai wa baƙon takardar gayyata da hannu. Baƙin da aka saba gayyata su ne likita ko ungozoma, alƙali ko lauya, malamin gona, jami'in gandun daji, malamin addini, tsohon ɗalibin makarantar da ya zama wani abu. Tun da aka buɗe jami'ar Maradi a 2010, wadda yanzu take ɗauke da sunan Ɗan Dikko Ɗankulodo, samun malamin jami'a ya zo ya yi magana ya zama abu mai sauƙi, ba sai an jira wani ya zo daga Yamai ba.

Ranar taro, ƴan ƙananan azuzuwa ne suke kwaso teburan zama su jera a inuwar bedi. A shimfiɗa zane a kan tebur ɗaya, a ajiye ruwan leda da lasifikar haya. Malamai a gaba kan kujeru, ƴan mata gefe, samari gefe, waɗanda ba su samu wuri ba su tsaya a baya suna jingine da babura. Mai gabatarwa, wanda ɗalibi ne, zai karanta tarihin baƙo, wani lokaci har ya fi laccar tsawo. Baƙon zai yi minti arba'in ko awa guda. Daga nan sai a ce an buɗe rajistar masu tambaya, a rubuta sunaye biyar, kowa ya zo ya karɓi lasifika.

A wannan gaɓa ake gane ko taron ya yi amfani. Tambayoyin zagayen farko galibi na ƴan gaban aji ne, da Faransanci mai tsabta, kuma rabinsu godiya ce da nuna an iya. Tambaya ta gaskiya takan zo ne can ƙarshe, lokacin da wani daga baya ya ce, "Mushe, a yi mani izini in yi da Hausa." Idan an ba shi dama sai ka ji abin da ke cin mutane: "Dokta, ni ƙanwata ce ke da ciwon nan na sikila. Mi ya sa ita ta samu, ni ban samu ba, alhali uwa ɗaya uba ɗaya muke?" Likitan da ya san aikinsa zai ajiye takardarsa ya ɗauki alli, ya zana uwa mai AS da uba mai AS a allo, ya nuna cewa a kowane ciki akwai kaso ɗaya cikin huɗu na samun SS, biyu na AS, ɗaya na AA. Darasin gadon halitta ke nan da ke cikin littafin ƴan ajin D, amma yaron ba zai ƙara manta shi ba. Masu shirya taro da suka gane haka sukan rarraba ƴan guntayen takardu a rubuta tambaya ba suna, musamman idan batun ya shafi balaga ko aure ko shaye-shaye.

Tsarin muhawara

Babu tsari ɗaya da aka wajabta wa makarantun Nijar. Abin da aka fi gani shi ne ƙungiya biyu, kowace da mutum biyu zuwa huɗu, masu goyon baya da masu adawa, a ba kowane mai magana minti uku zuwa biyar. Sau da yawa ƙuri'a ce take raba wa ƙungiyoyi ɓangaren da za su kare, ta yadda yarinyar da ta tsani auren wuri za ta iya samun kanta tana kare shi. Alƙalai uku ne ko biyar don kada a yi kunnen doki, kuma yawanci malaman Faransanci da falsafa da tarihi ne. Mai kula da lokaci yakan buga tebur da rula idan saura minti ɗaya.

Masu horarwa da suka samu hulɗa da waje sukan aro daga tsare-tsaren duniya. Wanda aka yi domin ƴan sakandare shi ne na gasar makarantu ta duniya, wadda aka fara a Ostareliya a 1988. A cikinsa kowace ƙungiya mutum uku ce, kowa minti takwas, sannan jawabin rufewa na minti huɗu. Tsakanin minti na farko da na ƙarshe abokin hamayya yana iya miƙewa ya nemi a ba shi daƙiƙu kaɗan ya jefa tambaya, mai magana kuma yana da ikon karɓa ko ƙi. Maki 100 ake rabawa: 40 na hujjoji, 40 na salon magana, 20 na dabarar tsara jawabi. Waɗansu batutuwan ana sanar da su tun da wuri, waɗansu kuma awa ɗaya kawai ake ba ƙungiya ta shirya. Tsarin majalisar Ingila, mai ƙungiya huɗu ta mutum bibbiyu da jawabin minti bakwai da shirin minti goma sha biyar, ya fi dacewa da jami'a. Akwai kuma tsarin da aka raɗa wa sunan masanin falsafa Karl Popper, wanda yake ware lokaci na musamman don yi wa abokin hamayya tambayoyin ƙure.

Abin da ya fi wahalar koyuwa a duk tsarin shi ne raddi. Ɗalibin da ya taso da haddar darasi yakan zo da jawabinsa a rubuce tun daga gida, ya karanta shi tiryan-tiryan, ya zauna. Na gaba shi ma ya karanta nasa. A ƙarshe an yi jawabi shida, ba wanda ya taɓa na wani. Mai horarwa nagari yakan hana riƙe cikakkiyar takarda, ya bar ɗan ƙaramin kati, ya kuma wajabta wa kowa ya fara da maimaita hujjar wanda ya gabace shi da kalmomin da shi mai hujjar zai yarda da su, kafin ya ce komai a kanta. Rabe-raben da Aristotal ya yi tun zamanin Girkawa, cewa mai magana yana jawo mutane da mutuncinsa, da taɓa zukatansu, da kuma hujjarsa, malaman falsafa suna koyar da shi a tarminal. A fili dai na biyun ne yake samun tafi.

Matsalar harshe

Kusan duk ɗalibin Maradi da Hausa yake tunani, da ita yake ciniki a babbar kasuwa, da ita yake faɗa da ƙanensa. Muhawarar makaranta kuwa da Faransanci ake yin mafi yawanta. Sakamakon haka alƙalai suna auna abu biyu a lokaci guda ba tare da sun raba su ba: ƙarfin hujja da ƙwarewar harshe. Kuskure ɗaya na jinsin kalma ya isa ya tayar da dariyar da za ta kashe wa mai magana gwiwa, alhali wanda ya jero manyan kalmomi ba tare da ya ce komai ba ya sauka ana yi masa tafi. Ɗiyan ma'aikata da ƴan makarantun kuɗi, waɗanda suke jin Faransanci a gida, suna shiga fili da rinjayen da ba ruwansa da kaifin basira. Yaron da ya zo daga Gidan Runji ko Madarunfa ko Dakwaro yana zaune gidan wani dangi yakan zaɓi yin shiru.

Ba yau aka fara kukan ba. Abdu Mumuni, masanin fizik da aka haifa a Tasawa a 1929, wanda jami'ar Yamai take ɗauke da sunansa, ya yi rubutu tun 1964 yana kiran a koyar da yaran Afirka da harsunansu. A 1973 aka buɗe makarantar gwaji ta farko mai koyarwa da Hausa a Damagaram. Dokar tsarin ilimi ta 1998 ta amince da harsunan ƙasa a matsayin harsunan koyarwa tare da Faransanci. A Maris 2025 kuma Nijar ta fice daga ƙungiyar ƙasashe masu amfani da Faransanci, ƙungiyar da aka aza harsashinta a Yamai ranar 20 ga Maris 1970, sannan kundin sake gina ƙasa ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, Ingilishi da Faransanci kuma harsunan aiki. Duk da haka jarrabawar BEPC da bak a makarantun gama-gari da Faransanci ake rubuta su, kuma hujjar malaman da suke dagewa a kan yin muhawara da shi ke nan: fili ne kaɗai da yaro zai yi magana mai tsawo da harshen da za a jarraba shi da shi. Hujja ce mai ƙarfi, ba a iya ture ta da hannu ɗaya.

Muhawara da Hausa ita ma tana da nata tarko. Karin magana yana da daɗin ji, kuma yana da saurin rufe baki. Mai kare zaman gida ya ce "kowa ya bar gida, gida ya bar shi", jama'a su ɗauki sowa, mai kare tafiya ci-rani ya mayar da "zomo ba ya kamuwa daga zaune", a sake sowa, ba wanda ya kawo lissafin abin da ɗan ci-rani yake turowa gida ko abin da gona take asara idan ya tafi. Alƙalan da suka saba da wannan sukan gargaɗi ƙungiyoyi cewa karin magana ado ne, ba a ba shi makin hujja. Akwai kuma ƙarancin kalmomin fannoni da kowa ya yarda da su, ta yadda mai magana da Hausa a kan tattalin arziki yakan koma rabi Hausa rabi Faransanci. Waɗansu makarantu sun samo mafita ta tsakiya: jawabai da Faransanci, tambayoyin ƴan kallo da harshen da mutum ya ga dama.

Batutuwa

Akwai tsofaffin batutuwa da ake gadonsu daga tsara zuwa tsara: likita da malami wa ya fi amfani, birni da ƙauye, ilimi da dukiya, uwa da uba. Suna da sauƙi ga ƴan kwaleji, amma ba sa bukatar bincike, shi ya sa suke saurin komawa wasan baki. A Maradi, garin Alhazai ƴan kasuwa, batun "boko ko kasuwa" ya fi ƙarfin wasa, domin a kowane aji akwai wanda tsaransa ya bar makaranta ya shiga shago, yanzu yana hawa babur sabo, shi kuwa yayansa mai digiri yana zaune gida.

Batutuwan da suka fi zafi su ne waɗanda suka taɓa gida. Karatun ɗiya mace da auren wuri suna kan gaba: binciken lafiya da yawan jama'a na 2012 ya nuna kashi 76 cikin 100 na matan Nijar masu shekara 20 zuwa 24 an aurar da su kafin su cika 18, kuma jihar Maradi tana cikin waɗanda abin ya fi yawa. A Disamba 2017 gwamnati ta fitar da doka ta kare yarinyar da ke makaranta. Sauran su ne wayar salula da WhatsApp a hannun ɗalibi, satar jarrabawa, shan taramol, yajin aikin ɗalibai, da tsaro a ƙauyukan kan iyaka. A fannin muhalli, laccar da ta fi kama hankali ita ce ta sassaben zamani, wato barin kututturan itatuwa su sake tofowa a gona a riƙa yi musu aski maimakon a tumɓuke su. A yankin Maradi aka fara yaɗa dabarar a farkon shekarun 1980, kuma an ƙiyasta ta farfaɗo da itatuwa a kan kimanin hekta miliyan 5 a kudancin Nijar. Ɗaliban da iyayensu manoma ne sukan san gawo da kalgo da sabara fiye da mai laccar, kuma a irin wannan zama su ne suke gyara masa.

Siyasar jam'iyyu da saɓanin ƙungiyoyin addini kuwa, shugabannin makarantu sukan kauce musu.

Ƴan mata da kunya

Tarbiyyar gida tana koya wa yaro, musamman mace, kada ya haɗa ido da babba, kada ya ɗaga murya, kada ya mayar da magana. Takardar makin muhawara kuma tana neman kishiyar duk ukun. Yarinyar da ta yi fice a fili tana iya jin ana ce mata "mai baki" a hanyar gida, abin da ba a ce wa namijin da ya yi daidai da ita. Lokacin taro ma yana tankaɗe su, domin yammacin da ake atisaye shi ne lokacin aikin gida, kuma ba kowane uba ne zai bar ɗiyarsa ta kai magariba a makaranta ba. Inda aka samu malama mace tana kula da kulob, ko aka mayar da atisaye lokacin hutun tsakar rana, adadinsu yakan ƙaru. Gasanni da dama yanzu suna sharɗanta a samu mace aƙalla ɗaya a kowace ƙungiya. Sharaɗin yana aiki idan an ba ta raddi ko rufewa. Idan gaisuwar buɗewa kawai aka bar mata, cika ƙa'ida ne.

Amfani da suka

Masu goyon bayan waɗannan taruka suna cewa suna koya wa ɗalibi neman bayani da kansa, da tsara tunani, da sauraron wanda bai yarda da shi ba, kuma suna sauƙaƙa masa insha'in falsafa da na Faransanci a bak. Lacca kuma tana nuna masa sana'o'in da bai taɓa ganin mai yin su ido da ido ba, abin da yake da tasiri a kan zaɓin da zai yi tsakanin A da C da D.

Sukar da ake yi iri uku ce. Ta farko tsohuwa ce, tun Girkawa suke yi wa masu koyar da iya magana ita: wanda aka horar ya kare kowane ɓangare zai iya daina damuwa da wanne ne gaskiya. Waɗansu malaman addini suna da irin wannan damuwa idan ƙuri'a ta sa yaro ya kare abin da ya saɓa wa aƙidarsa, shi ya sa masu shirya gasa suke tace batutuwa tun kafin a jefa ƙuri'a. Ta biyu ita ce ƴan ƙalilan ne suke amfana, mutum shida suna magana, ɗari biyu suna tafi. Ta uku ta shafi laccocin da ƙungiyoyin agaji suke ɗaukar nauyi, waɗanda ake kira "sansibilizasiyo": an riga an san amsar da ake so, an buga ta a jikin riguna da kyalle, muhawarar kuwa sunanta kawai. Ɗalibai suna gane irin wannan taro da wuri, kuma sukan faɗi abin da ake son ji su karɓi riga da lemo.

Wayar hannu ta sauya shirin muhawara fiye da komai a ƴan shekarun nan. A da ƙungiya takan dogara da littattafai ƙalilan na laburaren makaranta da abin da malami ya tuna. Yanzu ana tura batu a zauren WhatsApp da dare, da safe kowa ya zo da shafuka da ya kwafo daga intanet, wani lokaci ƙungiyoyin biyu da jimloli iri ɗaya. Saboda haka alƙalai da yawa suka koma ba da batu a wurin taro, a karɓe wayoyi a zuba a kwali, a ba kowace ƙungiya rabin awa da farar takarda da bik.